Yadda Na Samo wa Jauro Kabari a Faransa

Daga Nguru zuwa Gashuwa, ka haɗa da Jajimaji da Machina, ka zarce har Dapchi, babu mai riƙe da kujerar mulki da bakin nan nawa bai taɓa tanƙwarawa ba. Ni ne Modu Lasifika. Ba ranar suna aka raɗa mini shi ba, 'yan siyasa ne suka ba ni, saboda shekarun da na yi a bayan a-kori-kura ina tallata 'yan takara. Akwai ranar da janareto ya mutu mana a tsakiyar kasuwar Gashuwa, na ci gaba da baki zalla, sai ga saƙo daga tsallaken kogi wai don Allah mu rage ƙara. Ciyaman ne, kansila ne, sakatare ne, duk hanyarsu ɗaya: ka isa gidansa da sassafe kafin ya fita, rago a gaba, kirari a baya, kafin ya shanye shayinsa ya sa maka hannu. Da wannan ilimi na sauka a Faransa, ina ganin ƙasar ba za ta ɗauke ni mako guda ba.

Ni da Jauro Buba muka je. Shi Bafillatanin Gashuwa ne, ni Babarbare, don haka tun muna yara ban taɓa kiransa da sunansa ba sai bawana, shi ma haka yake kirana, wanda ya riga buɗe baki shi ne ubangida a ranar. Ƙaro muke saye a ƙauyuka muna tarawa a Nguru, har wani dillali mai yawan murmushi ya ce mana Turawan da ke sayen ƙaron suna neman waɗanda suka san shi da ido, su zauna a kamfani suna tantancewa. Ya haɗa mana takardu, ya ce wakilinsa zai tarbe mu da mota.

Zangonmu na farko filin jirgi ne, kuma mun daɗe a wannan zango. Muka tsaya cikin manyan riguna muna ɗaga wa duk baƙar fatar da ya gifta hannu. Ba wakili, ba mota. Da muka samu aka kira mana lambar kamfanin, wata mata ce ta ɗauka, ashe shagon gyaran gashi ne. Jauro ya dube ni ya ce, "To bawana, yi musu kirari mana." Wata mai shara, 'yar ƙasar Mali, ita ta ga mun fara zama kamar kayan da aka manta. Ta ba mu burodi da ruwan zafi, ta kira mijinta, mijin ya ce ya san wani Bahaushe a wani ƙaramin gari. Ita ta sa mu a jirgin ƙasa da hannunta. Ban san sunanta ba har yau, amma tana cikin addu'ata.

Bahaushen shi ne Malam Sanusi, mutumin Damagaram, wanda ya daɗe a can har ya zama ɗan ƙasa, yana tuƙa motar kwasar sharar garin. Mutum ne mai ƙarancin magana, irin wanda in ka ba shi labari mai tsawo sai ya ce "to" kawai. Ya ba mu tsakar ɗakinsa. Washegari na leƙa taga na ga inda rana take fitowa, na shimfiɗa darduma na fuskanci gabas kamar yadda na saba tun ina yaro. Kafin in yi kabbara ya kama kafaɗuna ya karkata ni wajen kudu. Na tambaye shi ko alƙiblar ma Turawan sun taɓa ta. Ya ce Ka'aba tana nan inda take, ni ne na tashi daga inda nake.

Daga nan sai muka samu aiki a gonar inabi. Muna cikin tsinka, Jauro ya tambayi inda ake kai wannan inabi haka da yawa. Aka nuna masa manyan gangunan giya. Ya ajiye almakashi ya kama hanya. Ni ma na ajiye nawa na bi shi, ina tafe ina yi wa mai gonar wa'azi da Barbarci, shi kuwa yana ɗaga mini hannu yana murmushi, a zatonsa sallama nake yi masa.

Sanusi ne ya kai mu wurin Madam Odil, mai garken shanun madara a bayan gari. Tsohuwa ce busasshiya kamar kifin banda, sigari ba ya barin bakinta. Ranar farko ta gaya mana ta bakin Sanusi cewa ita ba ta zuwa coci, ba ta yarda da wani addini ba, kada ma mu ɓata lokacinmu. Na raɗa wa Jauro cewa mun faɗo hannun ƙanwar Fir'auna. To, ƙanwar Fir'aunan nan ita ta yi ta zirga-zirga har takardun aikinmu suka daidaita. Ita ta ware mana tukunya da ba ta taɓa ganin alade ba. Ita ta matsar da tatsar ranar Juma'a don mu samu salla a wani garejin da Musulmin garin suka mayar masallaci. Da na je yi mata godiya da kirari, ta ce sallarmu ba ta shafe ta ba, abin da ya shafe ta a tatsi shanu.

Jauro kam ya samu gida. Da Fulatanci yake yi wa shanun Faransa magana, kuma wallahi suna ji. Ni kuwa ranar da na fara tsugunawa ƙarƙashin saniya, ta yi mini harbin da saura kaɗan in koma Yobe ba tikiti. Aka mayar da ni kwasar kashi. Ni da na taɓa yi wa gwamna kirari har ya cire hula ya ba ni.

Sanyi ya shigo, irin wanda ke bin ƙashi. Da yamma mukan zauna kusa da shanu don ɗuminsu, mu yi ta lissafa abin da muka baro: burabusko da miyar kuka, kifin Nguru, hayaniyar ranar kasuwa. Ga madara kamar kogi, amma babu gero ko tsaba ɗaya da za a yi fura. Kowace Juma'a Jauro yana kiran tsohuwarsa, Inna Dije, ya gaya mata muna zaune a ofis muna tantance ƙaro.

A cikin sanyin nan ƙafafunsa suka fara kumbura. Ciwon ƙodar nan ne da ya addabi mutanen Gashuwa, ashe da shi ya zo, ya ɓoye mini. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu. Ranar da ya ga abin ba na tashi ba ne, ya jawo hannuna ya ce, "Bawana, kada ka ɗora ni a jirgi kamar buhun ƙaro. Inda na faɗi, nan za ka rufe ni. Ka dai juya ni gabas, don Inna za ta tambaye ka." Na ce masa bawa ba ya ba ubangidansa umarni. Ya yi dariya. Da safe Allah Ya karɓi abinSa.

A Gashuwa, da kafin azahar an rufe shi an dawo zaman makoki. A nan sai aka sa shi a firij, aka ce mu jira. Sanusi ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Maƙabartar garin ɗaya ce, ta hukuma ce, kowa a ciki ake sa shi, kuma layukan kaburburan ba su san da alƙibla ba. Baƙo irin Jauro, wanda ba shi da kowa, akwai wani gefe da ake sa shi, bayan wasu shekaru a tono ƙasusuwan a ba wani wurin. Manyan birane suna da ɓangaren Musulmi, amma ba sa karɓar gawar wanda ba mazauninsu ba. Musulmin garin sun daɗe suna son a ware musu layi guda, sai dai kowa yana jin nauyin tambaya. Na ce a tono wa? Jauro? Ina raye?

Na kai maganar masallaci bayan sallar Juma'a. Nan Shehu Muktar ya tare ni. Balaraben Arewacin Afirka ne, mai karatu, mai gemu har ƙirji, shi ke jan salla. Ya ce bai halatta Musulmi ya kai abin da Allah Ya riga Ya hukunta gaban majalisar da ba ta san Allah ba, su ɗaga hannu a kai kamar ana cinikin tumaki. Ya ce dimokuraɗiyya kanta kishiyar shari'a ce, wanda ya shiga ɗakinsu ya yarda da ita. A haɗa hannu a tura gawar gida, ko da za a yi watanni.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba hukuncin Allah za su jefa wa ƙuri'a ba. Fili ne, kuma filin garinsu ne. Jiya na ga motarka ta tsaya cak da jar danja ta kama, ban ji ka tambaye ta addininta ba."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Shehu ya ce in ji tsoron Allah. Na ce tsoronSa ne ya hana ni barin ɗan'uwana a firij tare da ƙanƙara, alhali ya bar mini wasiyya. Na fita ina kaɗa riga. A raina na ce, su tsaya nan da muhawararsu, ni na san yadda ake yi da masu mulki.

Ban shawarci kowa ba. Na je wurin wani makiyayi maƙwabcinmu na samo rago, ƙato, mai ƙaho kamar sitiyari. Da sassafe na sa babbar rigata a kan rigunan sanyi har na zama kamar rumbu, na buga wa Sanusi ƙofa na ce ya raka ni wani wuri. Sai da ya ga mun tsaya a ƙofar gidan magajiyar gari, wato shugabar garin da aka zaɓa, sannan ya gane. Ya ce mu juya. Na riga na danna ƙararrawa.

Na zaci zan ga 'yan sanda da jerin motoci. Wata 'yar siririyar mata ce ta fito tana tura keke. Na gyara murya na fara: giwar mata, garkuwar talakawa, inuwar baƙi. Tagogin maƙwabta suka fara buɗewa. Ta tambayi Sanusi mene ne dangantakata da mamacin. Na ce ya gaya mata bawana ne, gadonsa na yi. Sanusi ya taka mini ƙafa da takalmin aikinsa, ya faɗi wata 'yar gajeruwar magana da Faransanci, ta gyaɗa kai cikin tausayi. Sannan na miƙa mata igiyar ragon.

Jama'a, da maciji na miƙa mata da bai kai haka ba. Ta ja da baya, fuskarta ta yi ja. Ta ce idan ragon nan ya taka tsakar gidanta, ita da ni duk sai mun yi bayani a gaban alƙali. Shi kuwa ragon bai jira alƙali ba, ya riga ya cinye rabin furannin bakin ƙofa. Da ta huce, ta ce maganar layin Musulmi ta fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa. Za ta sa ta a zaman majalisar gari mai zuwa, a bainar jama'a, kowa ya faɗi nasa, a kaɗa ƙuri'a. Ta hau kekenta ta tafi. Ni da rago muka dawo a ƙafa, ba mai kallon wani. Madam Odil ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta karɓi ragon ta sa a garke, ta raɗa masa suna Modu.

A ranar zaman na gano cewa Madam Odil ma kansila ce. Tsohuwar da nake gani kullum cikin takalmin roba da kashin shanu, ga ta zaune a teburin majalisa da sigari a bayan kunne. Musulmin garin suka zo suka cika kujerun baya, ban da Shehu Muktar. Har da waɗanda suka sunkuyar da kai a masallaci.

Wani kansila mai tabarau ya fara. Ya ce kakanninsu sun sha wuya kafin su raba gwamnati da addini, kuma maƙabarta ce wuri ɗaya da kowa yake daidai da kowa. Idan aka ware wa Musulmi gefe yau, gobe kowa zai zo da igiyar awonsa. Wanda ya zo ƙasarsu ya kwanta yadda suke kwanciya. Sanusi yana raɗa mini fassara, jinina yana tafasa. Na lura da wani abu: maganarsa da ta Shehu Muktar uwa ɗaya uba ɗaya ce. Dukansu cewa suke Musulmi ba shi da abin yi a ɗakin nan. Bambancinsu gemu da tabarau.

Magajiyar gari ta dakatar da zaman, ta ce abokin mamacin yana da magana. Na miƙe. Kun san ni da taro. Na fara da kirarinta, na gangaro kan tarihin Barebari. Na gaya musu a Nguru, garin da ba su taɓa ji ba, Kiristocin da suka zo daga kudu suna da maƙabartarsu, hukuma ce ta ba su, kuma ranar da maƙwabcina Inyamiri mai kantin magani ya mutu, ni na riƙe wa matarsa lema a bakin rami, ba wanda ya tambayi ina ya fuskanta. Na nuna mai tabarau da yatsa na ce gwamnatin da ta ce ba ruwanta da addini, amma ta bi gawa har cikin rami tana juya mata wuya, to ta kafa nata addinin ne ba ta sani ba. Na ce kansa kamar ƙwaryar da aka kife. Na ce in suka hana, ni da hannuna zan haƙa ramin a ƙofar majalisa. Na rufe da alƙawarin cewa in suka yarda, ƙuri'un Nguru da Gashuwa kaf nasu ne. Na yi gumi a cikin sanyin nan.

Sanusi ya tashi ya fassara. Kafin in gama goge fuska ya zauna. Na ce a raina, lallai Faransanci harshe ne mai tsimi. Na ga wata mata tana share ido.

Sai Madam Odil ta ɗaga hannu. Ta ce kowa a nan ya san ba ta yarda akwai komai bayan mutuwa ba, in ta mutu a juya ta duk inda aka ga dama. Amma dokar da mai tabarau yake karewa an yi ta ne don kada hukuma ta zaɓar wa mutum addini, ba don ta ƙwace masa wanda ya zo da shi ba. Ba katanga ake nema ba, ba ƙofa ta daban ba, layi ɗaya ne a gefen shinge za a ɗan karkata. Ta ce mutumin nan ya tatsi shanun garin nan har ƙafafunsa suka kumbura. Aka ɗaga hannu. Rinjayen ba shi da yawa, amma rinjaye ne.

Muka yi wa Jauro wanka, muka sa masa likkafani. Dokarsu ta ce dole sai da akwati, ban yi gardama ba, muka kwantar da shi a ciki ta gefen dama, na zuba ƙasa da hannuna a ƙarƙashin kumatunsa. Sanusi ya daidaita mana alƙibla. Muna shirin tsayuwa sai ga Shehu Muktar, ba wanda ya kira shi. Ya wuce gaba ya ja sallar. Da aka gama na ga yana auna sauran layin da ido. Na matsa kusa na ce, "Malam, akwai wuri. Amma ka sani da ƙuri'a aka same shi." Madam Odil tana can nesa a bakin shinge, ta kashe sigarinta har muka watse.

Da damina ta zagayo na dawo gida. Kafin in ga iyalina sai da na sauka a Gashuwa. Inna Dije ba ta tambaye ni ofis ba, ba ta tambaye ni ƙaro ba. Ta ce, "Modu, ya fuskanci gabas?" Na ce ya fuskanta, Inna, kuma ba mai taɓa shi har tashin ƙiyama. Ta ce alhamdu lillahi, ta sa aka dama mini fura. Na sha rabona da na Jauro.

Tun daga nan, duk majalisar da na zauna a Nguru sai na faɗa, kuma ba zan daina ba. Ni Musulmi ne, ba na neman afuwar kowa a kan haka, ko a Nguru ko a birnin Turawa. Kuma ranar zaɓe ni ne farkon layi, ba don an ɗauke ni tallar kowa ba. Wanda ya ce sai dai in zaɓi ɗaya, ko salla ko ƙuri'a, ya je ya tambayi Jauro da wanne aka juya shi alƙibla. Da duka biyun ne.

Rannan a teburin mai shayi na bakin tasha, wani Ustazu, ɗan ƙanwar matata, ya ce zaɓe tsarin kafirai ne, kuma labarin nan nawa ya fi kama da tatsuniya. Na ce ni na tsaya a gaban gwamnatin Faransa na yi jawabin da ya sa mata kuka, maza suka canza doka, kuma ina da shaida. Na kira Sanusi ta waya, na ƙure murya yadda kowa zai ji, na ɗora ta a kan tebur tsakanin kofuna. Bayan gaisuwa na ce ya gaya wa jama'ar Nguru abin da jawabina ya yi a majalisa.

Ya ce, "Alhaji Modu, abu biyu kawai na fassara: abokinka ne tun kuna yara, kuma tsohuwarsa tana Gashuwa tana jiran ta ji ya fuskanci alƙibla. Da na fassara sauran, da har yau Jauro yana firij, kai kuma kana gidan yari."